Kakar da Masu Gida Suka Faɗi: Darussa Huɗu ga 'Yan Ƙwallon Makaranta

'Yan uwa ɗalibai, duk sashen da aka yi waje da shi a gasar ƙwallon makaranta, uzurinsa ba ya wuce uku: alƙalin wasa ya yi son kai, fili ba kyau, ko kuma an yi musu asiri. Da wuya ka ji wanda ya ce, "Ku zo mu zauna mu duba mi ya faru." Shi ya sa darasin wanga fitowa zai ɗauki kakar wasa guda ta wata babbar ƙungiya, mu feɗe ta, mu ga abin da ƙananan ƙungiyoyinmu za su tsinta.

Kano Pillars ba sai an gabatar da ita ba. Daga gidajen kallo na Wurno har zuwa Rabah da Goronyo, yaro ma ya san "Sai Masu Gida". An kafa ta a 1990. Ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida ba a gasar Firimiya. Amma a Yulin 2022 wagga ƙungiya ta faɗi zuwa rukuni na biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM, a kakar da Rivers United ta zama zakara. Ina aka samu matsala?

Darasi na ɗaya: tarihi ba ya cin ƙwallo

Ƙungiya 20 ke gasar, kowace ta yi wasa 38, huɗun ƙarshe su sauka. Nasara maki 3, kunnen doki maki 1, shan kashi ba komai. Teburin bai da gurbin da ake rubuta kofunan da aka ci a baya. Kowace kaka daga sifili ake farawa.

Mu a nan abin ya fi tsanani, don ɗan wasanmu ba ya daɗewa. Shekara biyu ce ND, shekara biyu HND. Gwanin da ya ci wa sashenku kofi bara, bana yana can wajen aikin koyon sana'a ko bautar ƙasa. Sashen da bai nemo sababbin ɗalibai ya fara horar da su tun makon farko ba, sunan bara kawai zai shiga fili da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi na biyu: gida ba suna ba ne

A 2020 an mai da filin Sani Abacha na Kano wurin killace masu cutar korona. Pillars ta koma karɓar baƙi a Kaduna, a filin da ke ɗauke da sunan Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah. Tafiya ce ta sama da kilomita 200. A takarda wasan gida ne, amma ɗan wasa ya kwana a masauki, ya shiga filin da ƙafarsa ba ta saba da shi ba, magoya baya kuma sai masu kuɗin mota. Rabin wasannin kaka, wato 19, a gida ake yin su, kuma a Najeriya da su ake tara maki, don cin wasa a waje sai an sha wuya.

Abin lura gare mu: ƙungiyar da ba ta da filin atisaye tsayayye da lokaci tsayayye, baƙuwa ce ko a cikin makarantarta. Ku tsai da rana da sa'a, ku kauce wa lokacin lakca da zafin rana, ku riƙe shi kamar jadawalin jarrabawa.

Darasi na uku: fushin 'yan kallo, asarar 'yan wasa

Wannan shi ne ya fi ciwo. A Afrilun 2022 Pillars ta dawo Kano ta karɓi Katsina United. Wasa bai kai ƙarshe ba 'yan kallo suka kutsa fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta yanke wa Pillars maki 3, ta ci ta tarar Naira miliyan 9, ta kuma tura ta Abuja ta riƙa wasannin gida. A watan Yuni, a wasa da Dakkada, wani babban jami'in ƙungiyar ya kai hannu ga mataimakin alƙalin wasa, aka sake yanke mata maki.

Ku yi lissafi. Maki 3 gumin minti 90 ne na mutum 11, ban da atisayen mako guda. Wanda ya jefa dutse bai buga ko minti ɗaya ba, amma ya goge nasara sukutum. Yana ganin ƙauna ya nuna, alhali rami ya gina wa nasa.

A makaranta farashin ya fi haka tsada. Can maki ake yankewa. Nan kwamitin ladabtarwa ne, dakatarwa ko kora. Ka tuna da tsohon da ya sayar da buhun shinkafa ko albasa daga fadamar Wurno ya biya maka kuɗin rajista. Da wane baki za ka gaya masa an koro ka saboda bugun fanareti? Kowane sashe ya naɗa mutum biyu ko uku masu faɗa a ji, aikinsu kawai su riƙe 'yan kallonsu. Kyaftin kaɗai ke magana da alƙali. In akwai ƙorafi, a rubuta wa daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai.

Darasi na huɗu: faɗuwa ba mutuwa ba ce

Pillars ba ta watse ba. Ta shiga rukuni na biyu ta yi wasanta, a 2023 ta dawo Firimiya, ita da Katsina United da Heartland. Shekara guda aka yi a ƙasa.

Hanyar tashi ga ƙungiyar ɗalibai a fili take. Bayan wasan ƙarshe, kafin a watse hutu, a zauna da biro da takarda. Ƙwallo nawa muka ci, nawa aka zura mana? A wane lokaci aka fi cin mu? In a ƙarshen wasa ne, to numfashi ne babu, maganinsa gudu da safe. In daga bugun kusurwa ne, tsayuwar 'yan baya za a gyara. Kati nawa muka karɓa, wa ya karɓa, don mi? Mutum nawa ke zuwa atisaye? A miƙa takardar ga waɗanda za su gaje ku, kada kowace shekara a fara daga duhu. Da irin wannan ake gina tawagar da za ta fita kunya a wasannin NIPOGA.

Kuma kada a manta, allon sakamako ma tebur ne. Mai CGPA ƙasa da 2.00 ya san yana cikin huɗun ƙarshe. Tambayoyin nan dai su ne nasa: a wane kwas na zubar da maki, kuma laifin wa?

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mai rabo sa'a a gasar bana, a tashi wasa kowa ya koma ɗaki lafiya.