Idan Firefox ta sauya maka fuska

Masu shagunan kwamfuta a Unguwar Romi, inda ake layin buga takardun JAMB, sun san wannan takaicin: ka kunna na'ura da safe, ka tarar manhajar shiga intanet ta sake kama, maɓallin da hannunka ya saba da shi ya ɓace. Haka Firefox 89 ta yi wa jama'a a watan Yunin 2021, ta ƙara girman shafukan sama, ta ɓoye zaɓin matse su.

Galibi abin yana nan, lulluɓe shi aka yi. Danna Alt, tsohon jerin umarni zai leƙo. Ctrl da Shift da B kuma su dawo da layin adireshin da ka adana. Matsatsen tsarin ma yana nan: rubuta about:config, ka nemo browser.compactmode.show, ka mayar da shi true, zaɓin zai sake bayyana.

Kada dai haushi ya sa ka koma tsohuwar manhaja, domin ba a ƙara toshe mata ramukan tsaro. Kwamfutar da kwastomomi ke shigar da lambobin sirrinsu ba ta zama da ƙofa a buɗe. In sauye-sauyen sun ishe ka, ɗora Firefox ESR, wadda fasalinta kan ɗauki kusan shekara bai motsa ba.