Gyaran Rumbun Bayanai Ba Tare da Tona Asirin Jama'a Ba

Manomin Ibeto, a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, ya san darajar rumbu, ya kuma san cewa ba kowa ake bari ya leƙa cikinsa ba. Gwamnatin Tarayya ita ma tana da nata rumbunan, sai dai bayanan jama'a ake zubawa cikinsu. Duk wanda ya yi rajistar lambar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, an ɗauki sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa, an aika ta waya zuwa ma'ajiyar Hukumar NIMC, wadda aka kafa bisa doka mai lamba 23 ta shekarar 2007 game da shaidar ɗan ƙasa. Tun daga watan Disamba 2020, da aka umarci a haɗa wannan lamba da layin tarho, mutanen karkara da na birni suka shiga wannan rajista da yawa. Saboda haka wajibi ne ma'aikata da sauran jama'a su san yadda ake gyaran irin waɗannan rumbuna idan sun sami tangarɗa.

Mene ne rumbun bayanai?

Rumbun bayanai kwamfutoci ne da yawa da aka haɗa wuri guda, kowace ɗauke da faifan ajiya, suna aiki tamkar na'ura ɗaya. Ana rarraba abin da aka ajiye a tsakaninsu, domin idan ɗaya ta lalace sauran su ci gaba da aiki. Saƙon da ke shiga rumbu ko fita daga cikinsa ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bisa al'ada bai wuce bait 1500 ba, shi kuwa bait ɗaya kimanin harafi ɗaya ne. Kowane ƙunshi kamar wasiƙa yake a cikin ambulan. A bayansa akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar jeri, a cikinsa kuma akwai saƙon kansa.

Dalilin kwafar ƙunshi

Wani lokaci magatakarda a ofishin ƙaramar hukuma yakan nemi fayil, ya jira ya gaji bai zo ba, alhali mutane suna tsaye a layi tun safe. Mai kula da waya ya ce laifin rumbu ne, mai kula da rumbu ya ce laifin waya ne. Abin da ke raba wannan gardama shi ne a kwafi ƙunshin da ke wucewa, a duba lokacin da kowanne ya tashi da lokacin da ya isa. Akwai kayan aiki biyu da aka fi sani. Na farko tcpdump, wanda Van Jacobson da abokan aikinsa suka rubuta a 1988 a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka. Na biyu Wireshark, wanda Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal, aka sauya masa suna a 2006. Da na farko ake kwafa, da na biyu aka fi karantawa.

Inda wahalar take

Idan ba a ƙayyade masa ba, tcpdump yakan kwafe ƙunshi dukansa, watau ambulan da wasiƙar da ke ciki. Inda ba a kulle saƙon da rubutun sirri ba, wanda ya riƙe wannan kwafi zai iya karanta sunayen mutane da albashinsu ko bayanin rashin lafiyarsu. Don haka ne rumbunan da aka tsananta wa tsaro ake janye babban mabuɗinsu, har injiniyan da ke kula da su ma ba ya iya yin kwafa yadda ya ga dama. Wannan takura da gangan aka yi ta, kuma kuskure ne babba a sassauta ta don gaggawa.

Doka ma ta yi magana. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta mai da tare saƙon kwamfuta ba da izini ba laifi, wanda ke jawo ɗauri ko tara. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta kafa hukumar da ke lura da wannan al'amari, ta kuma wajabta a sanar da ita cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su.

Ƙa'idojin aiki

1. A nemi izini a rubuce daga shugaban da ke da alhakin bayanan. Takardar ta ambaci sunan injiniya, da dalili, da ranar farawa da ta gamawa.

2. A zaɓi wurin kwafa. Hanyoyi uku ne. Ana iya ba injiniya izinin umarnin kwafa kaɗai a kan rumbun, ba tare da an miƙa masa babban mabuɗi ba. Ana iya kwafa daga kwamfutar mai neman fayil. Ana kuma iya sa na'urar rarraba saƙo ta maimaita abin da ke bi ta wata kafa zuwa wata kafar dabam, ba a taɓa rumbun ba ko kaɗan.

3. A tabbatar da wace kwamfuta ce daga cikin rumbun take amsa wa mai ƙorafi. Wanda ya yi kwafa a kan wata dabam zai tashi hannu banza.

4. A daidaita agogon ɓangarorin biyu, domin ana auna jinkiri ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

5. A tace. A kwafi ƙunshin adireshi ɗaya tak, ta kafa ɗaya, alal misali kafa ta 2049 ga tsarin NFS, ko ta 445 ga tsarin SMB.

6. A yanke tsawo. Bayanin bayan ambulan bisa al'ada yana farawa daga bait 54, watau 14 da 20 da 20. Idan aka umarci na'ura ta ɗauki farkon kowane ƙunshi kaɗai, yawancin matsalolin hanya za su bayyana ba tare da an buɗe wasiƙar kowa ba.

7. A iyakance girma da lokaci. Waya mai gudun gigabit 10 idan ta cika tana zubo gigabait 75 a minti ɗaya. Kwafin da aka manta da shi yana iya cika faifai, ya tsai da rumbun da aka zo gyarawa.

Yadda ake karanta sakamako

Idan aka ga ana ta sake aika ƙunshi mai lambar jeri ɗaya, to wasu suna ɓata a hanya, sai a duba waya da na'urorin da ke tsakani. Idan tambaya ta isa rumbu da wuri amma amsa ta daɗe, ciwon yana cikin rumbun. Idan mai karɓa yana ta shelar cewa ba shi da sauran wuri, kwamfutarsa ce ta gaza. Akwai kuma wata alama da ke ruɗa mutane: ƙananan fayiloli suna wucewa, manya suna maƙalewa. Sau da yawa dalili shi ne an saita rumbu ya aika ƙunshi mai bait 9000, alhali wata na'ura a tsakiyar hanya 1500 kaɗai take karɓa, kamar babbar mota da ta iske siririyar gada.

Bayan an gama

Kwafin da aka yi amana ne. A kulle shi da kalmar sirri, a rubuta sunan duk wanda ya buɗe shi. Kada a ɗora shi a kan wayar hannu, kada a aika shi ta WhatsApp. Idan tilas ne a nuna wa kamfanin da ya ƙera rumbun, musamman na ƙasashen waje, sai da sabon izini, bayan an tabbata babu bayanin kowa a ciki. Da zarar gyara ya kammala, a goge shi, a janye izinin da aka ba injiniya, a rubuta ranar da aka yi haka. Tsohon da ya miƙa yatsunsa ga na'ura a Ibeto bai san injiniyan ba, ba kuwa zai taɓa ganinsa ba, amma asirinsa yana hannunsa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin bayan ambulan da saƙon da ke cikin ƙunshi?
2. Don me ake janye babban mabuɗin rumbu?
3. Wace alama ce ke nuna ƙunshi yana ɓata a hanya?
4. Me ya kamata a yi da kwafi bayan an gama gyara?