Ƙidayar Zare: Daga Saƙi Zuwa Tatan

Idan ka koma gida yau, ka roƙi kakarka ta buɗe maka adakarta. Wataƙila can ƙasa, ƙarƙashin atamfofi, za ka ga wani tsohon zane mai nauyi, saƙar hannu. Ɗauko shi ka shimfiɗa bisa tabarma. Za ka ga ba ƙyalle guda ba ne. Siraran falle ne aka jera, aka ɗinke su gefe da gefe. Faɗin kowane falle bai cika wuce tafin hannu ba. Duba ratsin da ke jikinsa: fari, baƙi, fari, baƙi. Ba haka kawai suka zo ba. Ƙidaya su aka yi.

1. Yadda masaƙi yake tsara zane

Manoman ƙasar Madarunfa sun daɗe suna noman auduga, wadda wasu ke kira kaɗa. Mata ne suke gurzar ta, su shiɓe ta, su kaɗe ta da mazari har ta zama zare. Zaren da ake so ya yi launi sai a kai shi marina. Daga nan aiki ya koma hannun masaƙi.

Kafin masaƙi ya zauna saƙa, sai ya yi wadari. Wato ya kafa turaku, ya riƙa kai da kawowa yana jan zaren da zai bi tsawon ƙyalle. A nan ne yake ƙidaya. Misali, ya ja baƙin zare 4, fari 2, baƙi 4, fari 2, har faɗin falle ya cika. In ya yi kuskuren zare ɗaya, kuskuren zai bi ƙyallen tun daga farko har ƙarshe.

Bayan wadari sai ya ɗaura zaren a masaƙa, ya riƙa jefa ƙoshiya. Zaren ƙoshiya shi ne mai gittawa. In launinsa ɗaya ne, ƙyalle zai fito da ratsi a tsaye. In kuwa masaƙi yana sauya launin zaren ƙoshiya kamar yadda ya sauya na wadari, sai ƙyalle ya fito gida-gida.

2. Kowane zane da sunansa

Hausawa sun ba irin waɗannan saƙe-saƙe sunaye. Saƙi shi ne wanda ake haɗa baƙin zare da fari, ya fito da ƙananan gidaje kamar jikin zabo. Barage yana da ratsin jan alharini, wanda a da fatake suke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Tsamiya ana yin ta da zaren da ake samu daga gidan wata tsutsa, launinta kuwa ruwan ƙasa ne mai haske. Gwado da luru na lulluɓa ne lokacin ɗari. Turkudi kuma siriri ne ƙwarai, baƙi wuluk mai ƙyalli. An san garin Kura na ƙasar Kano da rininsa da bugunsa, Buzaye kuma su ne manyan masu sayensa.

Wannan sana'a ta yi suna tun da daɗewa. A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya biyo ta Tasawa da Gazawa, ya shiga Katsina, ya isa Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

3. Launi yakan sake, ƙidaya ba ta sakewa

Yanzu a ce mata biyu sun fito da saƙi. Na ɗaya ya yi duhu, na ɗaya ya yi haske. Iri ɗaya ne ko iri biyu? Kada ka yi gaggawar amsawa. Marini yana rini da baba. In ya tsoma zare sau ɗaya ko sau biyu, zai fito shuɗi. In ya yi ta tsomawa yana shanyawa, zai yi duhu har mu kira shi baƙi. Ban da haka, wanki da rana suna koɗar da launi. Saboda haka launi kaɗai ba ya isa shaida. Mai son ya gane zane, sai ya matso da shi kusa da ido ya ƙidaya zare. In ƙidaya ta zo daidai, tsari ɗaya ne, ko da launin ya bambanta.

4. Mutanen da suka rubuta ƙidayarsu

A arewacin tsibirin Birtaniya akwai wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, ana ce da ita Sikotilan. Masaƙansu suna saƙa ulu na gashin tumaki gida-gida. Sunan wannan saƙa tatan. Da ita maza suke ɗinka wata sutura mai naɗe-naɗe wadda ake ɗaurawa a ƙugu ta tsaya a gwiwa, ana kiranta kilti. Kilti guda yakan ci wajen mita 7 na ƙyalle.

A tatan, jerin launin wadari shi ne jerin launin ƙoshiya. Inda ja ya gitta ja, gidan zai zama ja. Inda ja ya gitta baƙi, sai a sami launi na uku, gaurayen biyun. Da zare launi 2 ana samun gida iri 3. Da launi 3 ana samun iri 6.

A shekarar 1746, bayan wani tawaye, hukumar Birtaniya ta kafa doka ta hana mazan duwatsun Sikotilan sa wannan sutura, sai fa sojojin sarki. An soke dokar a 1782. Daga baya abin da aka hana ya zama abin alfahari. A 1815 wata ƙungiya a Landan ta nemi shugabannin zuriyoyi su aiko da samfurin tatan ɗinsu. A 1822 Sarki Joji na huɗu ya ziyarci birnin Edinbara, ya sa kilti. Tun daga wannan zamani ne aka riƙa laƙaba wa tatan sunayen zuriyoyi, kamar Makdonal da Kambal.

Zuriya ɗaya takan mallaki tatan fiye da ɗaya. Akwai na farauta, wanda tsanwa da launuka masu duhu suka yi wa yawa. Akwai na ado, wanda aka ƙara wa fari. Kuma tsari ɗaya ana iya saƙa shi da launi mai ƙarfi ko mai sanyi. A 1856 wani saurayi Bature mai suna Parkin ya gano rinin kimiyya, launuka suka ƙara ƙarfi. Daga baya masaƙa suka koma yin wasu da launi mai haske, don su yi kama da rinin itatuwa na da. Wasu ma ana yin su kamar sun koɗe da gangan. Duk da haka sunan bai sake ba, domin ƙidayar zaren tana nan.

To, in mutum yana neman tatan na zuriyarsu, ina zai duba? A 2009 hukumar Sikotilan ta buɗe rajistar tatan. A ciki an rubuta sunan kowane tsari, da launukansa, da ƙidayar zarensa, an kuma sa hotonsa. Masaƙin da bai taɓa ganin wani tatan ba yana iya karanta ƙidayar ya saƙa shi daidai.

5. Namu fa?

Ɗan Isa tana kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Jibiya zuwa Katsina. Yadi da atamfa na masana'anta suna shigowa ta ko'ina, kuma sun fi saƙar hannu araha. Shi ya sa masaƙa suka ragu. Mu ba mu raba saƙa zuriya-zuriya ba, amma kowane zane namu yana da suna da ƙidaya. Wannan ƙidaya a kan masaƙi take. In tsohon masaƙi ya rasu bai koya wa kowa ba, ta tafi tare da shi. Ku da kuka iya rubutu da lissafi, kuna iya hana ta ɓacewa.

Ma'anar kalmomi

Wadari: jera zaren da zai bi tsawon ƙyalle kafin a fara saƙa.
Ƙoshiya: ɗan icen da ke ɗauke da zare mai gittawa.
Baba: tsiron da ake rinin shuɗi da baƙi da ganyensa.
Rajista: littafin hukuma wanda ake rubuta abu a ciki don kada ya ɓace.

Tambayoyi

1. A wane lokaci ne masaƙi yake ƙidayar zare?
2. Me ya bambanta saƙi da barage?
3. Faɗi abu biyu da suke sa launin zane ya sake.
4. Shekara nawa dokar hana sa kilti ta yi kafin a soke ta?
5. In aka saƙa tatan da zare launi 4, gida iri nawa za a samu?

Aiki

Kowa ya nemi izini ya aro tsohon zane na saƙar hannu. Ku tambayi mai shi sunansa da garin da aka saƙa shi. Ku ƙidaya zaren falle ɗaya daga gefe zuwa gefe, ku rubuta launi da adadi. Ku zana tsarin a takarda mai gida-gida. Malam zai haɗa takardunku wuri ɗaya, su zama littafin saƙar garinmu. Kada ku manta ku mayar wa kaka da zanenta.