Kunnen Gidan Rediyo

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, kowa a cikinmu ya san rediyo. Da ita iyayenmu suke jin labarun duniya, da sanarwar ganin wata, da cigiya. Amma shin mun taɓa tambayar kanmu yadda ma'aikacin gidan rediyo yake sanin cewa abin da yake aikowa ya iso mana lafiya? Wannan tambaya ita nake so in amsa, gwargwadon abin da na karanta da abin da malaminmu na kimiyya ya koya mana.

A ɗakin watsa shirye-shirye akwai wani faffaɗan tebur mai maɓallai barkatai, ana ce masa miksa. Kowane sauti, ko na makirfo, ko na kwamfuta, ko na waya, ta kansa yake bi. Kowanne da layinsa, da ɗan maɓallinsa wanda ake turawa sama a buɗe, a jawo ƙasa a rufe. To, a jikin teburin nan akwai wani sashe dabam wanda ba ruwansa da abin da ke fita waje. Aikinsa sauraro kawai, shi ya sa na kira shi kunnen gidan rediyo.

Abu na farko a sashen shi ne abin murɗawa na ƙara muryar lasifikar ɗaki ko rage ta. Ko an ƙure shi, ba abin da zai canja a rediyon mai sauraro. A nan haɗarin yake. In ma'aikaci ya cika wa kansa murya, sai ya zaci kome daidai ne, alhali mutumin ƙauye yana can yana kara rediyo a kunne. Don haka aka haɗa masa da mita, watau gani ya kori ji. Irin wadda ake kira VU a Amurka aka ƙirƙiro ta a 1939. Lambobinta sun kama daga -20 zuwa +3, kuma daga sifiri zuwa sama ja ne. Idan allura ta zauna cikin ja, sauti ya yi yawa, zai fara dagulewa.

Na biyu su ne maɓallan zaɓen abin da za a saurara. Ma'aikaci yana iya jin abin da ke fita daga teburinsa, ko kuma ya ji abin da wata rediyo ta kamo daga iska, kamar yadda muke ji a gida. Alal misali, a ce wuta ta ɗauke a wurin na'urar watsawa. Wanda ke sauraron teburinsa kaɗai zai yi ta karanta sanarwa, ba wanda ke jinsa, shi kuwa bai sani ba.

Na uku shi ne maɓallin da akan rubuta wa PFL. Da shi ake ɗanɗana sauti a ɓoye kafin a buɗe shi ga jama'a, kamar yadda uwar gida ke ɗanɗana miya kafin ta zuba wa baƙi. Ta haka ake tabbatar da cewa shirin da aka ɗora shi ne ake nufi, kuma wakilin da ke kan waya a shirye yake. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga iska.

Na huɗu kuwa shi ke aikinsa da kansa. Da an buɗe makirfo, sai lasifikar ɗakin ta yi shiru, jar fitila ta kama a bakin ƙofa. Dalili shi ne, in makirfo ya ji lasifika, sautin zai yi ta zagayawa yana ƙaruwa har ya zama kuwwa mai ciwon kunne. Saboda haka mai gabatarwa da lasifikar kunne yake aiki. Wannan dalili ne kuma ya sa akan ce wa mai bugo waya, “Malam, rage muryar rediyonka.”

Akwai gargaɗi guda. Masana lafiyar kunne sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, kada a wuce awa 8 a cikinta a rana. In ta kai 88, awa 4 ke nan. Ma'aikacin da ya kashe kunnensa ya rasa jarinsa. Mu ma masu toshe kunne da waƙoƙin waya lokacin hutu, gargaɗin ya shafe mu.

Daga ƙarshe, ina kira ga masu sha'awar aikin rediyo a cikinmu da su riƙe darasin kimiyya da kyau. Daɗin murya kaɗai ba ya isa. Wanda zai yi wa dubban mutane magana, dole ne ya fara koyon jin abin da su suke ji.