DARASI: Zazzaɓin da ke zuwa bayan sharar ɗakin kaji

Yau ba lafiyar kaji za mu duba ba, lafiyar mai kajin ce.

A shekarata ta biyu da fara kiwo, duk ranar da na kwashe kashin kaji da safe, sai wajen la'asar jikina ya mutu: zazzaɓi, rawar sanyi, busasshen tari, numfashi sama-sama. Sau uku ina shan maganin maleriya daga kemis. Da na yi tafiyar kwana huɗu sai na ji garau. Ina dawowa na yi shara, abu ya dawo.

Da na je asibiti, likita ya ce, "Malam, mece ce sana'arka?" Daga nan aka kamo bakin zaren.

Ga abin da ke faruwa. Ƙurar gashin kaji, da ta busasshen kashi, da ta abinci ko buntun da ya yi fumfuna, tana shiga can cikin huhu. A jikin wasu mutane, garkuwar jiki sai ta far mata da yaƙi har huhun ya kumbura. Asma na iya tasowa cikin mintuna, wannan kuwa yawanci sai bayan awa 4 zuwa 8. Jinkirin nan ne ke ruɗa mutum, don lokacin ya riga ya yi wanka ya manta da shara. Ba kowa take kamawa ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Yadda ake gano ta:

1. Ka riƙa rubuta lokacin da ka shiga ɗakin kaji da lokacin da ciwon ya taso. Ka lura ko kana samun sauƙi in ka yi nesa da gona.
2. Ka faɗa wa likita kana kiwo, ko bai tambaya ba.
3. Za a saurari ƙirjinka, a gwada kaki saboda tarin fuka, don alamominsu na kama da juna.
4. Hoton ƙirji na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. Hoton CT da gwajin ƙarfin numfashi sun fi nunawa.
5. Gwajin jini yana nuna ka shaƙi ƙurar ne kawai, shi kaɗai bai isa hujja ba.

Kada a yi wasa da ita. In aka daɗe ana shaƙa, huhu na yin tabo, tabon nan kuma ba ya gogewa. Babban maganin shi ne nisantar ƙurar. Ni dai yanzu na bar wa wani kwasar kashi, shi ma da takunkumin N95, bayan ya ɗan yayyafa ruwa. Abincin da ya yi fumfuna kuwa, zubarwa muke yi.

Wa ya taɓa jin irin wannan a jikinsa? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a kiwonmu.