Suna da Asali: Nazari a kan Dayi da Danginsa na Ƙetare

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wasu ciyayi masu ƙaya da ke addabar gonaki, ta bayyana ƙasashensu na asali, sannan ta nuna yadda sunan tsiro kan ɓatar da mai nazari. Waɗannan ciyayi dangin dayi ne, wato ƙayar nan da raƙumi ke ci a ƙasar Hausa, wadda masana tsirrai suka sa a rukunin Centaurea.

Ire-irensu

Na farko shi ne Cirsium arvense. Amurkawa suna kiransa ƙayar Kanada, alhali kuwa asalinsa Turai ne da Asiya. Saiwarsa tana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan garma ta daddatsa ta, guntayen sukan tsiro daban-daban. Saboda ɓarnarsa, jihar Bamont ta Amurka ta kafa dokar yaƙi da shi tun 1795.

Na biyu, Cirsium vulgare, asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da arewa maso yammacin Afirka. Shekara biyu yake rayuwa, kuma ta iri kaɗai yake yaɗuwa, don haka sare shi kafin ya yi fure yakan rage shi. Dokar ciyayi ta Birtaniya ta 1959 ta ambaci waɗannan biyu cikin ciyayi masu cutarwa.

Na uku, Silybum marianum, asalinsa ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Ana gane shi da fararen zane a ganyensa.

Abin Lura ga Manazarcin Hausa

A ƙasar Hausa akwai haƙorin kada, wato Argemone mexicana, mai rawayan fure da ganye mai ƙaya. Kamanninsa sukan sa a ɗauka ɗan'uwan dayi ne, amma danginsu daban. Haka kuma, duk da sunansa na Hausa tsantsa, baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya zo, musamman yankin Meziko.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa suna ba hujjar asali ba ne, kama da wane kuma ba ta wane. Tun 1916 Dalziel ya haɗa sunayen tsirrai na Hausa da na kimiyya. Wajibi ne mai aikin ƙamus ko fassara ya bi wannan tafarki, domin kada ya gadar wa ɗalibai kuskure.