Wanne A Ke Fara Yi a Cikin Lissafi?

Manyan ayyukan lissafi huɗu ne: tarawa, da ɗebewa, da ninkawa, da rabawa. Duk yaron da ya kai aji huɗu ya san kowannensu shi kaɗai. Inda rikici ya ke tasowa shi ne ran da biyu ko uku daga cikinsu suka haɗu a layi guda, kamar haka:

5 + 3 × 100

In aka ba yara biyu wannan lissafi, mai yiwuwa ne su kawo amsa biyu. Ɗaya ya bi daga hagu zuwa dama, ya ce 5 da 3 takwas, takwas sau ɗari 800. Ɗayan kuwa ya fara da ninkawa, ya ce 3 sau ɗari 300, a ƙara 5, ya zama 305. Ba wanda ya yi kuskure wajen ƙirga a cikinsu, amma ga shi tsakanin amsoshinsu akwai 495.

Mai 305 shi ke da gaskiya, ga kuwa dalili. A ce wani mutum yana da goro 5 a aljihu, sa'an nan ya shiga kasuwa ya sayi ƙwarya 3. Ƙwaryar goro kuwa ɗari ce. To, ukun nan ba goro uku ba ne, ƙwarya uku ce, ba kuwa yadda za a tara goro da ƙwarya sai an san abin da ke cikin ƙwaryar tukuna. Saboda haka masana lissafi suka yarda a kan cewa ninkawa da rabawa su ke gaba, tarawa da ɗebewa su biyo baya.

Amma akwai lokacin da tarawa a ke so a fara yi. A ce wani magini ya ɗauki leburori 6, kowa ladansa naira 2,000 a yini, da kuɗin abinci naira 500. In akawunsa ya rubuta 2,000 + 500 × 6, mai biya zai bi ƙa'ida ya ba da naira 5,000, watau ladan mutum ɗaya ke nan da abincin mutum shida. Sauran biyar ɗin sun yi aikin banza. Abin da ya kamata akawu ya rubuta shi ne:

(2,000 + 500) × 6 = 15,000

Waɗannan alamu masu lanƙwasa su a ke kira baka biyu. Duk abin da ke tsakaninsu shi a ke fara gamawa, ko da tarawa ce.

Ninkawa da rabawa tsara ne, babu babba a cikinsu. Haka kuma tarawa da ɗebewa. In tsara suka haɗu sai a bi su daga hagu zuwa dama. Nan yara da yawa su ke faɗuwa, musamman waɗanda suka haddace kalmar nan BODMAS ta Turanci ba su gane ta ba. Da ya ke harafin tarawa ya riga na ɗebewa a cikin kalmar, sai su zaci kullum tarawa ce gaba. In aka ba su 10 − 3 + 2, su tara 3 da 2, su ɗebe 5 daga 10, su ce 5. Alhali kuwa makiyayin da ke da awaki 10, ya sayar da 3, aka haifa masa 2, awaki 9 gare shi. Haka nan 24 ÷ 4 × 2 amsarsa 12 ce, ba 3 ba.

Mutanen dā ba su da wannan damuwa, domin da kalmomi su ke rubuta lissafinsu. Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya wallafa littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, ko alama ɗaya bai yi amfani da ita ba. Magana kuwa ita da kanta ta ke nuna abin da za a fara yi: wanda aka ce masa, tara kaza da kaza, sa'an nan ka ninka, ba shi ɓata. Daga baya ne alamu suka shigo, a hankali. Alamun + da − sun fara fita a ɗab'i a 1489, cikin littafin lissafin 'yan kasuwa na wani Bajamushe, Johannes Widmann. Alamar × ta bayyana a Ingila a 1631, a littafin William Oughtred, ta ÷ kuma a 1659, a na Johann Rahn, mutumin Suwizalan. Alamu sun taƙaita rubutu ƙwarai, amma ba su da bakin cewa "sa'an nan". Ƙa'idar da baka biyu su suka ɗauki wannan aiki.

Alamar = ma tana da nata hakki. Robert Recorde ne ya ƙago ta a 1557, ya zaɓi layi biyu masu tsawo ɗaya don su nuna daidaito. Kamar sikeli ta ke: abin da ke hagunta dole ya yi nauyin abin da ke damanta. Yaron da ya rubuta 3 + 4 = 7 × 2 = 14 ya kai ga amsar da ya ke nema, amma a hanya ya ce 7 daidai ya ke da 14. Gara ya raba aikin layi biyu, ko ya rubuta (3 + 4) × 2 = 14.

Kada kuma a dogara ga kalkuleta a ce ita za ta raba gardama. Ƙananan nan na kanti suna yin kowane aiki da zarar an danna shi, don haka in aka danna musu 2 + 3 × 4 sai su ba da 20. Irin waɗanda 'yan sakandare ke riƙewa kuwa suna bin ƙa'ida, su ba da 14.

A shekarar 2019 mutane a ƙasashe da yawa, har da manya masu ilmi, sun yi ta jayayya a kan wannan:

8 ÷ 2(2 + 2)

Waɗansu suka ce 16, domin sun gama baka biyu, sa'an nan suka bi daga hagu zuwa dama. Waɗansu suka ce 1, domin a wurinsu lambar da ta manne da baka, ba alama a tsakani, tare su ke tafiya. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja, har kalkuleta ma wata ta ba da 16, wata ta ba da 1. Laifin na wanda ya rubuta lissafin ne. In 16 ya ke nufi, sai ya rubuta (8 ÷ 2) × (2 + 2). In kuwa 1 ya ke nufi, sai ya ja layi, ya sa 8 a sama, ya sa 2 × (2 + 2) duka a ƙarƙashinsa.